Gurɓatar Giyar Gida a Kwalba: Abin da Ido Ke Gani da Wanda Ba Ya Gani

Duk lokacin da labari ya bazu cewa wasu sun rasa rayukansu bayan sun sha abin da aka haɗa a gida, tambayar da ke fara fitowa daga bakin jama'a ita ce: to, ba su ji ya canja ba ne? Ba su ji wari ba? Tambayar ta ginu ne kan wani zato da ya zauna daram a zukatan mutane, cewa abin sha mai kisa dole ya tona asirin kansa, ko ta launi, ko ta wari, ko ta ɗanɗano. Wannan zaton ne kuma ke sa idan aka ga kwalba ta tumbatsa da kumfa, ko ta yi tsami, ko wata yana ta kwanta a samanta, nan take a yanke mata hukuncin guba. Abin da masana kimiyyar abinci suka gano shi ne, sau da yawa al'amarin a juye yake. Kwalbar da ta fi tayar da hankali ba safai take kisa ba, wadda ke kisa kuwa takan zo lafiya lau a ido da baki.

Matsayin giya a Musulunci sananne ne, haramun ce, kuma wannan sharhi bai zo don koya wa kowa dafa ta ba. Sai dai batun ya shafe mu ta fuska biyu. Ana dafa burukutu da fito a Filato da kudancin Kaduna da Binuwai da Taraba da Adamawa, ana dafa irinsu a arewacin Ghana da arewacin Kamaru da Chadi, kuma ma'aikacin lafiya da ke aiki a waɗannan wurare ba shi ke zaɓen majinyacin da za a kawo masa ba. Fuska ta biyu ta fi kusa da kowa: ƙananan halittun da ke kumbura kwalbar giya su ne dai ke kumbura gorar kunun zaƙi da ta kunun aya a shagon unguwa.

Kalmomin da ya kamata a rarrabe

Giyar gida iri biyu ce a wannan magana. Akwai ta Turai da Amurka, wadda masu sha'awa ke dafawa da tsiron sha'ir, su ɗura a kwalaben gilashi su ajiye makonni ko watanni. Akwai kuma ta gargajiyar Afirka, irin su burukutu da fito, da ake yi da tsiron dawa ko gero, a sha cikin 'yan kwanaki. Dukkansu tsimammu ne. Sun bambanta da ogogoro, wadda tatacciya ce: ana dafa tsimammen ruwa ne a kama tiririnsa, sai a sami barasa mai ƙarfi nesa ba kusa ba. Wannan bambanci zai yi amfani idan aka zo maganar gubar metanol.

Tsimuwa aikin yis ne, wato irin wannan halitta da ke tayar da ƙullun burodi da na fanke. Yis yana cin sukari, ya fitar da abu biyu: sinadarin da ke sa maye, wanda ake kira etanol, da iskar kabon dayoksaid mai kawo kumfa. Bakteriya kuwa wasu halittu ne da suka fi yis ƙanƙanta. Wasunsu ke tsamar da nono ya zama kindirmo, wasunsu kuma ke haddasa taifot da kwalara. Hof furen wata shuka ce mai yaɗo da Turawa ke jefawa cikin giya lokacin dafuwa, yana ba ta ɗaci, yana kuma hana bakteriya da dama sakewa.

Kalmar gurɓata ita ce ke ɗauke da ruɗanin, domin abu biyu ake cusawa cikinta. Na farko lalacewa: wata halitta da ba a gayyata ba ta shiga, ta ɓata ɗanɗano ko ƙamshi ko kama. Na biyu guba: wani abu ya shiga, ko an haife shi a ciki, da zai cutar da jikin mai sha. Abu yakan lalace ba tare da ya zama guba ba, yakan kuma zama guba ba tare da ya lalace ba.

Yadda kwalba ta zama matsala

Dafa giya a gida a matsayin abin sha'awa ya bunƙasa a Birtaniya bayan an cire sharaɗin lasisi a 1963, sannan a Amurka bayan Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da ta halatta shi a 1978. Jihohin Mississippi da Alabama su ne na ƙarshe da suka bi sahu, a 2013. Dafuwa ɗaya a can takan kai lita 19, kwalba hamsin ko kusa da haka.

Ilimin gane lalacewar giya ya girmi wannan al'ada. Masanin Faransa Louis Pasteur ya wallafa littafinsa kan giya a 1876, inda ya nuna cewa tsami da yauƙin da ke addabar masu sana'ar aikin wasu halittu ne da ake iya gani da madubin likita. A 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg da ke Kofanhagen, ya iya ware nau'in yis guda ɗaya tsantsa ya raina shi. Daga nan manyan kamfanoni suka koma tace giyarsu, da ɗumama ta a zafin da ya kai digiri 60 ko sama don kashe abin da ya rage kafin ta shiga kasuwa.

Mai dafawa a gida ba ya yin wannan. Shi da gangan yake barin yis da rai, ya ƙara ɗan sukari, ya toshe kwalbar, domin yis ɗin ya ci sukarin a ciki ya samar da kumfa. Ke nan kowace kwalba rufaffen ɗaki ce da ake ci gaba da aiki a cikinsa. Idan lissafin sukarin ya yi daidai, yis zai cinye ya kwanta. Idan wani baƙo ya shiga wanda ke iya cin abin da yis ɗin ya bari, iska za ta ci gaba da taruwa ba ta da mafita.

Alamomin lalacewa

Alamar da ta fi fitowa fili ita ce tumbatsa. Ana ɓalle murfi sai kumfa ta yo sama ba tsayawa, har rabin kwalbar ya ƙare a ƙasa. Idan abin ya yi tsanani, kwalbar kan fashe da kanta a inda aka ajiye ta. A nan ne lalacewa ke da haɗari na gaske, domin tartsatsin gilashi na iya tsiyaye ido ko ya yanke jijiya. Masu sana'ar sukan sa safar hannu da tabarau, su sanyaya sauran kwalaben sosai kafin su taɓa su, domin sanyi yana rage ƙarfin iskar.

To amma tumbatsa ita kaɗai ba hujja ba ce. Dalilai uku ne ke kawo ta, kuma ana rarrabe su ne ta hanyar duban kwalaben gaba ɗaya, ba guda ɗaya ba. Idan biyu ko uku ne suka tumbatsa cikin hamsin, sauran lafiya, to laifin na wankin waɗannan kwalaben ne, ko kuwa sukarin bai gauraya daidai ba. Idan dukkansu suna da iska fiye da kima, amma ɗanɗano bai canja ba, kuma abin bai ƙaru ba daga wannan mako zuwa wancan, to sukari ne ya yi yawa. Idan kuwa kowane mako abin ƙara muni yake, giyar tana ƙara tsinkewa a baki kamar an surka ta da ruwa, to akwai mai ci a ciki. Akwai wani ɗan ma'auni na gilashi da ake tsomawa don sanin kaurin ruwa, ana kiransa haidiromita. Idan aka bar giyar ta huce iskarta aka auna, aka ga kaurinta ya faɗi ƙasa da yadda yake ranar ɗuri, magana ta ƙare: ko an yi gaggawar ɗura ta kafin yis ya gama aikinsa, ko wata halitta ta shiga.

Ɗaya daga cikin masu wannan ɓarna wani ɗan'uwan yis ne da ake kira diastaticus, wanda ke iya narkar da ragowar sitacin da yis na yau da kullum ba ya iyawa. Bai tsaya ga 'yan koyo ba. A 2016 kamfanin Left Hand na jihar Colorado a Amurka ya janye giyarsa daga kasuwa saboda shi, duk da injina da ɗakin gwajin da yake da su.

Sai abin da ido ke gani idan aka ɗaga kwalba aka haska ta. Farin zobe a wuyan kwalba, daidai inda ruwan ya tsaya, ko wata siririyar yana mai kama da toka da ke shawagi a sama, sukan nuna cewa yis na daji ko bakteriya sun kafa sansani. Giyar da a da take garau, daga baya ta koma gurɓi-gurɓi kuma ta ƙi washewa, ita ma abar zargi ce. Wani lokaci bakteriyar da ake kira Pediococcus kan sa giya ta yi yauƙi, a tsiyaya ta tana bin juna kamar miyar kuɓewa. Ganin haka kan tayar da zuciya, amma ba ya cutarwa. A wasu giyoyin Beljiyam ma mataki ne da ake jira ya wuce da kansa.

Hanci da harshe su ne suka fi fayyace mai laifi. Ruwa ba ya tsami banza, kuma kowane tsami da mai shi. Tsami mai laushi irin na kindirmo aikin bakteriyar Lactobacillus ne ko Pediococcus. Tsami mai kaifi da ke shaƙe maƙogwaro irin na ruwan khal aikin bakteriyar Acetobacter ne, wadda ba ta aiki sai ta sami iska, saboda haka tana nuna cewa an bar tukunya a buɗe ko murfi bai kama ba. Ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace suna cikin masu kai ta. Warin garke ko na jiƙaƙƙiyar fata yakan fito daga yis na daji mai suna Brettanomyces, wanda ke aiki a hankali, sai bayan watanni ake jin sa. Ƙamshin man shanu mai nauyi da ke ƙaruwa a kwalba shi ma yakan nuna bakteriya. Funfuna mai gashi-gashi, koriya ko baƙa, ba ta cika fitowa a rufaffiyar kwalba ba, amma idan aka gan ta ba a tsaya shawara, zubarwa ake yi, domin wasu nau'o'inta suna fitar da guba.

Alamomin da ke yaudara

Da yawan abin da ke firgita sabon shiga ba gurɓata ba ne. Farar lakar da ke kwanciya a gindin kwalba yis ne da ya gama aiki. Rashinta ne ma zai zama abin mamaki. Hazon da ke bayyana idan an sanyaya giya, ya ɓace idan ta ɗumama, sinadaran hatsin ne ke dunƙulewa. Shi kansa zoben wuyan kwalba yakan fito daga maiƙon hof ko ragowar kumfa, ba tare da wata halitta ta shiga ba, shi ya sa ba a yanke hukunci da shi sai an haɗa da wata shaida.

Haka nan wasu warin ba na ƙwayar halitta ba ne. Hasken rana yana sauya sinadarin hof cikin 'yan mintuna ya haifar da wari mai ɗoyi, wanda shi ne dalilin da ya sa aka fi ɗura giya a kwalba mai launin ƙasa-ƙasa maimakon koriya ko fara. Warin jiƙaƙƙen kwali alamar iska ce da ta shiga lokacin ɗuri. Warin asibiti ko na filasta kuwa yana da fuska biyu: yis na daji na kawo shi, haka ma kulorin na ruwan famfo ko bilicin da ba a ɗauraye sosai ba.

"Ba abin da ke rayuwa a giya da zai cutar da mutum"

Wannan magana ta zama ruwan dare a bakin masu dafa giya a gida a Turai da Amurka, kuma ba daga sama suka ɗauko ta ba. Giya irin tasu tana da katangu da dama. An tafasa ruwanta na kimanin awa guda. Tana da etanol kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari. Tana da hof. Iskar shaƙa ta yi ƙaranci a cikinta, abincin da ya rage kaɗan ne. Sannan tana da tsami: a ma'aunin da masana ke kira pH, wanda ruwa zalla ke kan 7 kuma lamba ke raguwa gwargwadon ƙaruwar tsami, giya takan tsaya tsakanin 4 da 4.5. Waɗannan idan suka haɗu, ƙwayoyin taifot da na gudawa ba sa iya hayayyafa. Halittun da ke jure wannan yanayi kaɗan ne, kuma su ne waɗanda aka ambata a sama, masu ɓata ɗanɗano kawai.

Masana lafiyar abinci ba su ƙaryata maganar ba, amma sun gindaya mata sharaɗi: tana aiki ne muddin katangun suna tsaye. A rushe ɗaya, lissafi ya canja. Wani bincike da masana jami'ar Cornell suka wallafa a 2023 ya nuna cewa ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Salmonella suna iya rayuwa, har su hayayyafa, a cikin giyar da aka cire wa barasa idan ba a ajiye ta a sanyi sosai ba. Wannan sakamako ya fi shafar mai sayar da kunu fiye da mai sayar da giya, domin kunu ba shi da etanol mai yawa, ba shi da hof.

Akwai ɓangare na uku da ke cewa kalmar gurɓata ma ta dogara ne ga niyyar mai dafawa. Giyar lambik ta yankin Burasels a Beljiyam ana barin ta ne a buɗe da daddare don halittun da ke cikin iska su faɗa ciki, kuma Brettanomyces da Pediococcus da wani ke gudu su ne jarinta. Burukutu ma haka yake: tsami yana cikin siffarsa, ana barin ruwan tsiron ya kwana ya yi tsami kafin a sake tafasa shi. Wannan ra'ayi gaskiya ne idan ana maganar ɗanɗano. Ba shi da abin cewa idan aka zo maganar guba.

Raunin da ke tattare da maganar masu dafawa shi ne ta tsaya kan abin da ke raye. Abin da ya fi kashe mutane a wannan fage ba rayayye ba ne a lokacin da ake shan sa.

Gubar da ba ta da alama

A watan Janairun 2015, a garin Chitima na lardin Tete a Mozambik, jama'a suka dawo daga jana'iza suka sha pombe, giyar gargajiya da ake haɗawa da garin masara. Fiye da mutum 230 suka kamu da ciwo, 75 suka mutu, har da matar da ta dafa giyar. Jita-jita ta bazu cewa wani ne ya zuba matsarmamar kada a cikin gangar, kafofin labaran duniya ma suka ɗauka suka yaɗa. Sai bayan watanni, da aka kai samfur ɗakunan gwaji har Amurka, aka gano gubar bongkirek, wadda wata bakteriya mai suna Burkholderia gladioli ke fitarwa. Garin masarar da aka yi aikin da shi ruwan ambaliya ya jiƙa shi, an ga bai ciwuwa a tuwo, sai aka ga ai zai yi giya. Gubar ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, tafasa ba ta kashe ta, kuma ba ta da makari. An fara sanin ta ne a tsibirin Jaba na Indonesiya, a wani abinci da ake tsimawa da tuƙar kwakwa, sannan a 2020 ta kashe mutum tara 'yan gida ɗaya a arewa maso gabashin Sin bayan sun ci taliyar tsimammiyar masara.

Darasin Chitima ya wuce Mozambik. Duk inda ake ganin hatsin da ya jiƙe ko ya yi funfuna asara ce a zubar da shi, akwai yiwuwar a karkatar da shi zuwa tukunyar giya ko ta kunu, da tunanin wuta za ta gyara. Wuta tana kashe funfuna, amma ba ta gamawa da gubar da funfunar ta riga ta zuba. Afulatoksin, gubar da ke fitowa a masara da gyaɗa da dawar da ba su bushe sosai ba, tana jure dafuwa. Idan ta yi yawa takan kashe cikin kwanaki, kamar yadda ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya a 2004 ta hanyar masara. Idan kaɗan-kaɗan ce, takan taru ta zama sanadin kansar hanta bayan shekaru, lokacin da ba wanda zai tuna da wani buhun dawa.

Sai metanol, wanda ruɗani ya fi yawa a kansa. Mutane da dama sun ɗauka cewa giyar hatsi idan ta lalace takan juye ta zama metanol. Ba haka ba ne. Tsimuwar hatsi ba ta samar da metanol da zai kai ga illa. Kusan duk lokacin da aka ji mutane da yawa sun makance ko sun mutu, za a tarar an zuba sinadarin masana'antu ne a cikin abin shan don a ƙara masa ƙarfi da araha, kuma an fi yin haka da tatacciyar barasa. A watan Afrilun 2015 aƙalla mutum 18 suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo. Da farko aka ce fushin abin bautar garin ne, daga baya aka zargi maganin kashe ciyawa, kafin gwaji ya nuna metanol a cikin ogogoro. Bayan wata biyu kacal, kimanin mutum 70 suka mutu a jihar Ribas ta wannan hanya. Metanol bai da wata kama da ta raba shi da etanol a ido ko a baki, kuma gwajin kunna masa wuta a duba launin harshenta ba abin dogaro ba ne. Cokali guda na tsantsarsa na iya makantar da mutum, biyu ko uku na iya kashewa. Mugun halinsa shi ne jinkiri: mutum zai yi maye kamar kullum, ya farfaɗo, sai bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai da amai da haki su taso, gani ya fara yin dishi-dishi.

Guba takan ɓuya a bayan maye ko a idon likita. A 1900, a Manchesta da kewayenta a Ingila, sama da mutum 6,000 suka sha gubar asenik a cikin giyar kamfani ta hanyar gurɓataccen sukari, aƙalla 70 suka mutu, kuma an daɗe ana ɗaukar shanyewar ƙafafunsu a matsayin ciwon mashaya kawai.

Akwai kuma botulizim, gubar da ke shanye jijiyoyi har numfashi ya tsaya. Bakteriyarta ba ta girma idan lambar ta yi ƙasa da 4.6 a ma'aunin pH, shi ya sa ba a ganin ta a giyar da aka dafa bisa ƙa'ida. An gan ta a gidajen yarin Amurka, inda fursunoni ke tsima abin sha a ɓoye cikin leda: a jihar Utah a 2011 mutum takwas suka kamu, bayan an jefa tsohon gasasshen dankali a cikin haɗin.

Daga ƙwarya zuwa gorar roba

Burukutu ba a yi shi don kwalba ba. Ana shan sa ne a ƙwarya yana kan tsimuwa, kuma bayan 'yan kwanaki tsaminsa kan kai inda ba mai saye. Kamfanin Chibuku, da ke sayar da irin wannan giya a kwali a kudancin Afirka, yana barin 'yar kafa a saman kwalin don iska ta riƙa fita. Idan aka ɗura irinta a gora ko jarka aka toshe don a kai ta nesa, kumbura dole ne, kuma kumburin bai ce komai ba game da lafiyarta. Tambayoyin da suka fi muhimmanci ba a cikin ruwan ake ganin amsarsu ba: wane hatsi aka yi amfani da shi, da wane ruwa aka surka bayan an sauke daga wuta, me jarkar ko duron ya taɓa ɗauka kafin yau, kuma me aka ƙara don ta yi ƙarfi.

Waɗannan tambayoyi ba sa canjawa idan aka cire giya aka sa zoɓo ko kunu. Gorunan da ake ɗura su a ciki galibi tsintattu ne, daga wuraren biki da tashoshin mota, wani lokaci daga bola. Kowa ya san gorar kunun aya da ta wuni a rana babu ƙanƙara: ta yi tauri kamar an hura ta, gindinta ya turo waje har ba ta iya tsayawa, ana murɗa murfi sai ta yi tsaki. Wannan tsimuwa ce ta fara, kuma mai saye yakan gane ya ajiye. Wanda ba ya ganewa shi ne zoɓon da aka dafa da kyau, sannan aka surka da ruwan rijiyar da ke kusa da masai, yana nan ja wur da ƙamshin citta da kanumfari. Kano ta ga irin wannan ɓoyayyen haɗari a watan Maris na 2021, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu suna fitsarin jini, bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗanɗano da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Hukumar NAFDAC ta ce sinadarin ba ɗan tsami ba ne, na masana'antu ne, gwamnatin jihar kuma ta sanar da mutuwar mutum 10.

Ga Musulmi kumburar gora tana da wata ma'ana ta daban, domin iskar da ta kumbura ta tare take fitowa da etanol. Batun ba sabo ba ne a fiƙihu. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa akan jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya rage sai a bayar ko a zubar, kuma malamai sun ɗauki tafasar jiƙo da kansa da fitar kumfa a matsayin alamar ya fara juyawa. A zafin Afrilu na ƙasar Hausa, kunu mai sukari ba ya jiran kwana uku.

Doka da asibiti

Kan yadda hukuma za ta tunkari lamarin, ra'ayi ya rabu. Jihohin da suka ɗabbaƙa Shari'a tun daga shekarar 2000 sun haramta sayar da giya, wasu jihohin kudu kuma sun hana ogogoro bayan mace-macen 2015. Masu goyon bayan hani suna cewa abin da ba a dafa ba ba zai kashe kowa ba. Masu lura da lafiyar al'umma suna nuna cewa sana'ar da ta koma ɓoye ba mai duba hatsinta ko duronta, kuma wanda ya sha a ɓoye yakan ɓoye ciwonsa. Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, wannan batu na ƙarshe ba ya musantuwa, kuma shi ne ke cin rayuka: tsoron kunya ko kamu yana sa a jinkirta zuwa asibiti, ko a je a ƙi faɗa wa likita gaskiyar abin da aka sha.

Gubar metanol tana da magani idan an zo da wuri, har da wankin ƙoda ga wanda abin ya yi wa nisa. Botulizim ma yana da makari. Manja da madara da ake ɗura wa wanda ya sha guba ba sa maganin ko ɗaya daga cikinsu, ɓata lokaci ne kawai. Idan mutum biyu ko fiye da suka sha abu ɗaya, giya ce ko kunu ko lemo, suka fara amai, ko ganinsu ya dushe, ko fatar idonsu ta saki, ko numfashi ya yi musu nauyi, a kai su asibiti a lokacin, a nemo sauran da suka sha ko da ba su fara jin komai ba, a kuma tafi da ragowar abin shan a cikin gorarsa domin a gwada.